Ranar da na yi wa kwamfuta gini

A Malbaza, garin masana'antar siminti, aka haife ni, kuma a garinmu duk abin da ke girgiɗi siminti ake sa masa. Hujjata ke nan, ba ni da wata.

Ƙanena Sani ya kawo wani ɗan akwati mai bakuna huɗu, wanda ake sa wa kwamfuta a gaba don ta karanta kowane irin kat memwar, wato ɗan katin ajiyar hotuna. Ya ce in jira ya kawo kusoshi daga Konni. Ni in jira? Na buɗe kwamfutar, na tura akwatin a raminsa, na jona waya, ya kama aiki. Sai dai yana rawa kamar haƙorin tsohuwa.

Lokacin ne Gwaggo Hajiya ta shigo da kat ɗinta, hotunanta na Makka duk suna ciki. Na karɓa da yatsa biyu, na soka, na ce, "Gwaggo, zauna ki ga ilimi." Na kwaɓa siminti ruwa-ruwa, na shafe gefen akwatin da cokali, har da lailaya.

Muka ci tuwo, muka yi hira har la'asar. Ashe simintin ya gangara cikin bakin da na soka kat, ya daskare. Na ja kat, kat ya ce ya samu gida.

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Kai, ɗan nema! Mi ka yi ma Makkata?"

Yini guda Sani ya yi yana ƙwaƙula da allura kafin ya ceto hotunan. Har yau in wayar Gwaggo ta ƙi caji, sai ta leƙo ta ce, "Ina magini? Zo ka zuba mata kankare."