Rasuwar Ɗan Tsako, Gidan Tjitske Bouma

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, da kuma hanci a toshe, iyalan Tjitske Bouma ta wajen garin Sneek suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar gidanta, Ɗan Tsako, wanda ya cika ranar Talata da hantsi, bayan doguwar jinya, a bakin rafin da ya yi duk rayuwarsa. Ko shekara bakwai bai cika ba.

An haifi marigayin ne a kan takardar zanen Ruurd, mai zanen gine-gine, mijin 'yarta Femke. Bayan rasuwar mijin Tjitske, Ruurd ya zauna a falonta yana kurɓar kofinta, ya ce, "Mama, me za ki yi da wannan uban gida ke kaɗai? Zamanin manyan gidaje ya wuce. Bari in yi miki daidai ke." Ta sayar da gidan da ta reni 'ya'yanta a ciki, ta rabar da kujeru da kwanuka, ta ba coci fiyanon mijinta, ta tare a ɗan gidan da ya yi mata, wani akwatin katako mai taya, wato Ɗan Tsako.

Abin da ba wanda ya zata, sai ta ƙaunaci ɗan gidan. Marigayin mai tawali'u ne, bai taɓa cin filin kowa ba. Teburinsa na cin abinci shi ne ƙofar kabad, kowane taki na matakalar gado kuma aljihu ne na safa da cokula. Tana iya juya dankali da kabeji da hannun dama, ta buɗe wa baƙo ƙofa da na hagu. Da safe babbar tagarsa takan kawo mata shanu da agwagi har bakin matashi. In iska ta taso daga teku yakan ce "ƙiii, ƙaƙ", kamar tsoho mai gyara kwanciya, ita kuma ta amsa masa. Tun da ta shiga, kaɗaici bai ƙara samun wurin zama ba.

Ciwon ajalinsa da shi aka haife shi. Ruurd ya cusa wa bangonsa ulun tumaki da ba a wanke ba, wai don gidan ya riƙa numfashi. Ban ɗaki kuwa ba ruwa: bokiti ne da garin katako, dab da murhu, labule kawai ya raba su. Bango ya fara gumi. Baƙar fumfuna ta ɓullo bayan gado, ta bazu. Ɓeraye suka haihu a cikin ulun, waɗansu suka mutu a can inda hannu ba ya kaiwa. Wata safiya ta ɗaga murfin man shanu ta tarar da katantanwa mara ɓawo kwance a kai, da yauƙinta. Warin ya kama cuku, ya kama burodi, ya kama rigarta ta zuwa coci, har wata Lahadi maƙwabciyarta Aaltsje ta matsa gefe a kan benci.

"Kar ki ji haushi, ƙawata," in ji ta, "amma warinki kamar tunkiya ta faɗa rijiya."

Tjitske ta kira Ruurd. Ya zo da ɗalibansa da mai ɗaukar hoto, ya shaƙa, ya lumshe ido.

"Wannan ai ƙamshin halitta ne, Mama. Abu mai rai dole ya yi wari."

"Gawa ma tana yi," ta ce.

Maganin da ya rubuta shi ne ta rage dafa miya, ta rage wanka da ruwan zafi, don tururinta ne ke cutar da gidan. Ta kuwa bi, saboda so. Ta goge bango har fatar hannunta ta saɓule, ta bar taga a buɗe cikin tsakiyar hunturu har tari ya sauka mata a ƙirji. Likita ya ce ta zaɓa, ko gidan ko huhunta. Ta ce za ta yi tunani.

Marigayin bai bari ta sha wahalar zaɓi ba. Ranar Talata tana tsaye tana dafa shayi, katakon da ke ƙarƙashin bokitin, wanda ya daɗe da ruɓewa, ya burma. Bokitin ya kife. Abin da ke cikinsa ya malalo ta ƙarƙashin labule, ya rufe mata silifa har idon sawu. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce "faaat". Tjitske ba ta yi kuka nan take ba. Sai da ta gama amai a bakin rafi, sannan hawayen suka zo, kuma sun daɗe.

Ya rasu ya bar tayoyi huɗu, da faifan sola biyu masu ƙoshin lafiya, da zuri'ar ɓeraye mai albarka. Ya bar lambar yabo da Ruurd ya karɓo da sunansa, wadda ba ta taɓa kwana a cikinsa ba. Ya kuma bar Tjitske, mai shekara saba'in da 'yan kai, da akwati ɗaya da tari, ba ta da ko ƙyauren da za ta kira nata.

Ruurd ya zo mata ta'aziyya tare da Femke, da naɗaɗɗiyar takarda a hammata. "Na riga na zana miki wani, Mama. Wannan ya ma fi ƙanƙanta."

Ta dubi takardar, ta dube shi, ta ce wa Femke, "Ɗauki akwatina ki sa a motarku."

Za a yi jana'iza ranar Asabar. Motar ƙugiya za ta ɗauki gawar zuwa maƙonar shara ta gunduma. Masu rakiya su zo da takalmin roba da abin rufe hanci. Ba a buƙatar furanni, don abin ya fi ƙarfinsu. Daga nan za a sha kofi da kek, a karɓi gaisuwa a gidan Ruurd, tsohon gidan gonar nan mai hawa biyu da falo uku, inda Tjitske ta zaɓi babban ɗakin zanensa mai kallon lambu ta kafa gadonta. Shi kuwa an mayar da teburinsa ƙarƙashin matakala. Masu son yi masa gaisuwa su same shi a can, ɗaya bayan ɗaya, kuma su sunkuyar da kai saboda bututun ruwa.