Dakta Turmi da Furotin Masu Gaba

"Ni da nake sa ganye ya yi haske? Wallahi ko wutar lantarki albarka!"

Abdulkahar ke nan, mai ban ruwan shuke-shuke a wani ɗakin bincike a Kafin Hausa, wanda ya naɗa wa kansa Dakta. Ya ji shugabarsa, Dakta Raihana, tana bayanin yadda take liƙa wa furotin biyu alama a cikin ɗanyen ganyen taba, in sun haɗu sai su ba da koren haske. Da ta zo kan cewa sai da madubin ƙara girma da fitila ta musamman ake ganin hasken kuwa, gogan naka yana can yana hamma.

Ran Juma'a ya tsinke ganyen tukunyar da ta fi ji da ita, ya nufo garinsu Yalwawa. A majalisa ya rantse, in bai haska ba a tuɓe masa Daktan.

Bayan La'asar aka cika zauren Baba Yahuza, aka toshe ƙofa da tabarma. Duhu ɗum. Zufa sharkaf.

"Dakta, mu fa ba mu ga komai ba," in ji Baba Yahuza.

"Baba, sai furotin biyun da ke ciki sun haɗu. Da alama gaba suke yi."

"To, a sasanta su mana."

Sarkin surutu ya kai ganye kusa da bakinsa ya soma yi wa furotin nasiha: "Haba bayin Allah! Gida ɗaya, uwa ɗaya, me ya yi zafi? Babba ya yi haƙuri, ƙarami ya ba da hannu."

Ya yi lallashi, ya yi barazanar kai su gaban mai unguwa. Ko ƙyas.

Ransa ya ɓaci. "A miƙo turmi! Yau ko sun ƙi ko sun so sai sun gaisa."

Ya kirɓa ganyen nan lilis, wahalar baiwar Allah ta wata da watanni ta koma miya. Ya cusa kai cikin turmi yana leƙe, ya sa hannu ya murje ido. Ruwan taba ya ce salamu alaikum.

"Wayyo idona! Walƙiya nake gani! Ja, kore, har da shuɗi!"

Baba Yahuza ya yaye tabarma, ya dube shi yana birgima a ƙasa.

"Alhamdu lillahi, an sasanta. Sai dai kai kaɗai aka gayyata. Daktan ma mun bar maka, Dakta Turmi. Ran Litinin ka tafi wa Hajiya Raihana da turmin, ta duba sakamako."