Kallo Kawai Aka Ce Miki

"Salamu alaikum! Ke Lami, fito nan!"

"Wa alaikumus salam. Wace irin sallama ce wannan kamar ta wanda akuya ta ci wa dawa? Bawana, durƙusa ka gaishe ni tukuna."

Maharazu bai durƙusa ba, ko babur ɗinsa bai kafe daidai ba ya faɗo tsakar gidan. Sakatare ne a wata makarantar kuɗi a cikin Daura. Lami kuwa 'yar kawunsa ce, taubashiyarsa, kuma tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da wani ya sha tsiya ba. Ɗanta Nu'uman ya sauke Alƙur'ani, tana son ɗakin taron makarantar don walima, mai makarantar Madam Ursula ta ce a ba ta duk ranar da babu taro. Da Lami ta ishe shi da kira, sai ya tura mata kalandar makarantar ta imel, ya zaɓi inda aka ce kallo kawai, don ta duba da kanta. Yau da hantsi ya gane ashe manhajar ba ta ji wannan magana ba.

"Me kika rubuta a kalandar nan?"

"Wace kalanda? Au, wannan abar taka mai akwati-akwati? Na ga ranar Asabar babu kowa, na sa walima."

"Ba ta Asabar nake tambaya ba. Ta Alhamis."

Lami ta ajiye rariyar da take tankaɗe da ita, ta kwashe da dariya har da riƙe ciki.

"Ashe ka gani! Ai gaskiya na rubuta. 'Alhamis bayan la'asar: Maharazu zai daina tsoro ya faɗa wa Malama Khairunnisa yana son ta.' Ko akwai ƙarya a ciki? Ƙato da kai, gemu har ƙirji, in yarinya ta ce ina kwana sai ka ce mata lafiya lau sai da safe."

"Lami, kin san su wa suke ganin kalandar nan?"

"Ni da kai mana."

"Malaman makaranta kaf. Duk abin da aka ƙara a ciki, take saƙo yake tafiya wayar kowa. Da Madam. Da ita kanta Khairunnisa."

Dariyar ta tsaya cak. Tunda yake da Lami bai taɓa ganin bakinta a buɗe babu magana a ciki ba sai yau, amma ko wannan bai sanyaya masa rai ba. Ya daɗe yana son yarinyar nan a ɓoye, yana jiran ranar da zai yi maganar cikin mutunci, ga shi an yi masa shela kamar tallan maganin gargajiya. Tsoronsa ɗaya, kada ta ɗauka da gangan ya mayar da ita abin dariya.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Kai, ƙarya kake!"

"Ina shiga ƙofa maigadi ya ce Allah ya sanya alheri. Malamin lissafi ya kama hannuna ya ƙi saki. Madam ta leƙo daga ofis ta ce, 'Maharazu, sai a kalanda za mu ji?'"

"Ita fa?"

"Ta wuce ni kanta a ƙasa, ta shige aji, ba ta sake fitowa ba."

"Na shiga uku! To ba kai ka ce kallo kawai ba? Ka ce ko na taɓa babu abin da zai motsa!"

"Shi ya sa kika taɓa?"

"Gwadawa na yi! Na ga ya karɓi rubutu, na ce ashe tawa ce daban aka ba ni. Laifinka ne. Wane irin sakatare ne zai ce ya kulle ƙofa alhali a buɗe take? Kai ko kaji aka ba ka tsaro sai sun kai kansu kasuwar Mai'adua."

"Da hannuna na danna kallo kawai! Yanzu ma na duba, yana nan a rubuce ƙarƙashin sunanki. Manhajar ce ta haukace, ta rasa wanda za ta ba dama duk garin Daura sai ke, mai yatsu kamar muciya."

"Muciyar ce ta tuƙa tuwon da ya raya ka. Goge shi mana, ka tsaya kana zare min ido!"

"In na goge, wani saƙon zai sake zagayawa. Kin san me zai ce? 'An soke: Maharazu zai faɗa wa Malama Khairunnisa yana son ta.'"

Lami ta dafe kai da hannu biyu, gari ya yi mata fari fat a goshi.

"A'a, kar ka soke! Wallahi in ni ce aka soke ni a gaban mutane, ko a lahira ba na gaishe ka."

"In bari kuma?"

"In ka bari, ranar Alhamis har masu tallan awara sai sun zo kallo."

"To kin gani. Kin kashe ni, Lami. Gobe zan tattara in koma Dutsi in kama noma."

"Wace gonar za ta karɓe ka? Kai da kake haki in ka ɗauki buta. Tsaya, bari in sa hijabi in je gidansu in ce aljanu ne suka hau ni."

"Wannan kam kowa zai yarda."

Ana cikin haka wayoyinsu suka yi ƙara tare, tasa a aljihu, tata a kan tabarma. Maharazu ya sa hannu a aljihu. Ya zaro wayar, ya ga sunan da ke kan saƙon, sai ya kifa ta a ƙirji ya rufe ido.

"Ita ce. Ba zan iya ba. Karanta a taki."

Lami ta goge hannu a zane, ta ɗauki tata. Ta karanta, ta matso da wayar kusa da ido, ta sake karantawa.

"La'ilaha illallahu!"

"Ta zage ni ko? Faɗa min kawai."

"Ba zagi ba ne. Ta nemi a sauya lokaci."

"A sauya me?"

"Saurara. 'Alhamis ina da darasin yamma. A mayar Juma'a bayan la'asar. Kuma ba a makaranta ba, a gida, Baba yana nan.'"

Maharazu ya nemi wurin zama, bai samu ba sai turmi, ya zauna a kai. Kunnuwansa sun ji, amma zuciyarsa ta ƙi yarda.

"Baba? Wane Baba?"

"Naka da ya rasu, sakarai! Babanta mana!"

"Juma'ar nan? Lami, ban shirya ba. Ban faɗa wa Inna ba, ban faɗa wa Kawu ba. Me zan ce wa mutumin? Bari in yi tunani, in ya so wata mai zuwa in ba ta amsa. Ke dai kar ki sake taɓa komai!"

Lami ta sunkuyar da kai, ta ɗora yatsa a kan wayarta. Wayarsa ta sake ƙara.

"Me kika yi?"

"Wani ɗan wuri ne ya fito, an rubuta 'Na amince'."

"Kika yi me?"

"Ka ce kallo kawai ne. Na ce bari in ga ko sun gyara."

Ya dube ta, ya dubi wayar, inda aka rubuta wa duk malaman makaranta cewa Maharazu ya amince da Juma'a. Ya buɗe baki zai yi masifa, sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda take zuwa da ƙwalla.

"Allah ya isa tsakanina da manhajar nan. Na yarda, ni bawanki ne. Lemon walimar Nu'uman a wuyana."

"Da kujeru."

"Da kujeru, ranki ya daɗe."

"To tashi min daga kan turmi, ka je ka faɗa wa Inna kafin ta ji a bakin maigadi."