Kyaftin Mai Hannun Ƙarfe

A ɗakin malamai na makarantarmu da ke Kamazou, ni ne alƙalin duk abin da aka rubuta ko aka haska. Wata rana aka ɗauko zancen wani shirin talabijin na jiragen sararin samaniya da sabon reshen da aka fitar daga cikinsa. Na gyara tabarau.

"Reshen bai ishe ni kallo ba, kwaikwayo ne," na ce. "Asalin kuwa na kalle shi kaf. Wa zai iya maimaita kyaftin ɗin nan mai hannun ƙarfe?"

Na yi minti goma ina yabonsa, har da buga tebur.

Madam Rifkatu, malamar kimiyya, ta bari sai da na kai aya.

"Malam, ai a asalin kuku ne, miya yake dafawa. A reshen ya zama kyaftin."

Ashe reshen ne mai tura finafinai ya zuba min a waya, ba asalin ba.

Shekara biyu ke nan. Har yau duk wanda ya yi fotokwafi sai ya ajiye min takardu biyu: "Ranka ya daɗe, duba mana, wacce ce ta asali?"