Kwamitin Auna Rugugin Hanya

A wani daji da 'yan Adam suka ratsa da kwalta, suka kuma shimfiɗa layin dogo a gefenta, ruwan rani biyu ne kacal. Akwai marmaro a gindin dutse, na Zaki da manyan fada, sai kududdufin da masu aikin hanya suka bari a bakin kwalta, na sauran jama'a.

Ranar majalisa, Barewa ta fito gaba, ɗanta ɗaya tilo yana raɓe da ita.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "mu ba mu da farce, ba mu da fiƙa, kunne ne makaminmu. In kunne ya ji, gangar jiki ta tsira. To yanzu a bakin kududdufi, in tirela ta taho ko jirgi ya danno, ko Giwa ce ke tafiya a bayana ba na jin ta. Bara na kai 'ya'ya biyu shan ruwa, na dawo da ɗaya. Roƙona ɗaya ne, a bar masu ƙanana su riƙa sha a marmaro har damina ta faɗi."

Zaki, wanda rugugin bai taɓa isa inuwarsa ba, ya yi hamma ya ce lamarin babba ne.

Kura ta miƙe. Tun da aka yi kwaltar nan wuyanta ya yi kauri, don abin da mota ba ta buge mata ba, ƙarar mota na rufe mata sawu ta kama da kanta.

"Allah ya ja zamanin sarki," in ji ta. "Hawayen ƙanwata Barewa hawayena ne. Amma mulki ba a yin sa da an ce. Nawa ne rugugin? Ya wuce misali ko bai wuce ba? A auna tukuna. Sannu ba ta hana zuwa."

Aka yaba hikimarta, aka naɗa ta shugabar kwamiti nan take. Saura mai saurare. Wani ya ambaci Zomo.

"Zomo?" in ji Kura. "Ku dubi kunnuwan nan. Wannan ai har abin da ba a aike shi ba zai jiyo. Kuma shi ma ya taɓa koke. A samo wanda ba shi da ɓangare."

Aka duba daji kaf, aka ga Iya Mesa ce kaɗai ba ta taɓa cewa uffan a kan rugugin ba. Kowa ya san dalili, amma al'adar majalisar ita ce ba a ambaton abin da Allah bai ba dattijo ba. Aka yi mata bayani da ishara: in ƙara ta yi yawa ta ɗaga kai, Dila magatakarda ya jefa tsakuwa a ƙwarya.

Ran farko aka kwantar da ita a bakin dogo. Jirgin kaya ya taho, ƙasa ta kama rawa, Iya Mesa ta ji abin a cikinta, ta zabura ta miƙe tsawon gaba guda. Dila ya ɗauki tsakuwa.

"Tsaya, Malam Dila," in ji Kura. "Me ya tashe ta?"

"Jirgi mana, Yaya."

"Girgiza ce ta tashe ta. Mu ƙara aka ba mu. Girgiza sai an kafa mata nata kwamiti. In muka haɗa biyun, masana za su yi mana dariya."

Don kada girgiza ta ɓata awo, aka mai da wurin saurare kan wani falalen dutse mai nisa, inda iska ke kaɗawa. Iya Mesa ta sha hantsi kwana arba'in, ba ta ɗaga kai ba sai sau ɗaya, shi ma ƙuda ne.

Da aka koma majalisa, Dila ya kifa ƙwarya a gaban sarki, ko ƙura ba ta faɗo ba.

"Gani ya kori ji," in ji Kura.

Barewa ta ce, "Ranka ya daɗe, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ku zo kududdufin da kanku, wuni ɗaya."

"Haba 'yar nan," in ji Zaki cikin taushi, "in kowa zai auna da kunnensa, me ya sa muka wahalar da dattijuwa? Marmaro yana nan yadda yake. Amma ba mu yi watsi da ke ba, za a ci gaba da awo."

Barewa ta hana ɗanta ruwa kwana biyu. A na uku harshensa ya bushe, ta kai shi da azahar, ta sa Zomo ya tsaya mata gadi a kan suri. Suna isa jirgi ya danno, tireloli uku suka jero suna rige-rige da shi. Zomo ya hango ciyawa na motsi, ya yi ihu iya ƙarfinsa. Barewa ta ɗago ta ga bakinsa a buɗe, ta tsaya tana ƙoƙarin gane abin da yake faɗa. Da jirgin ya wuce ta waiwaya, babu ɗanta, sai ruwan da ya taka yana lafawa.

Washegari ta bar dajin, wasu masu ƙanana suka bi ta.

A zaman da ya biyo, Dila ya ba da labari cewa ƙwarya dai wayam take, kuma tun daga makon jiya ba a sake samun koke daga bakin kududdufi ba. Zaki ya ji daɗi, ya ce ashe ruwa ba ya tsami banza, aikin kwamiti ne ya yi albarka. Aka yi shawarar yi masa godiya ta musamman. Iya Mesa ba ta ji kiran ba, sai shugaba ta karɓa a madadin kowa, ta nemi a yi mata uzuri ba za ta yi dogon jawabi ba, tana sakace.