Kwamandan Kwalekwale a Kogin Mada

Duk wanda ya tashi rubuta tarihin jaruman ruwa na ƙasar Lafiya, dole ya fara da ni, kuma ina tsammanin da ni zai rufe, domin dai Allah bai ba mu teku ba, rijiyoyi ya ba mu. Ranar da na shiga wannan tarihi ba zan taɓa mantawa da ita ba, kuma ko na so mantawa, mutanen Doma ba za su yarda ba.

Bayan yaƙin Jamus ne da kaɗan, tun layin dogo bai iso mana ba. A lokacin riɗin ƙasarmu a ka da bayan jaki yake tafiya har bakin Binuwai. Sai gwamnati ta aiko wani Bature ya auna kogin Mada, a ga ko ƙaramin jirgi mai hayaƙi zai iya haurowa ya riƙa kwasar kaya. Kwamanda ake ce masa. Mutum ne da ya ja ragamar jiragen yaƙi har uku a teku, ɗaya ma a ƙarƙashinsa ya nutse, ga tabon ƙuna nan a bayan hannunsa na hagu. Da aka daina yaƙi sai aka rasa inda za a ajiye shi, aka miƙa masa wata doguwar gora mai zanen ja da fari, aka ce ya je ya auna mana ruwa. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Yakan dai tsaya wani lokaci ya zuba wa gorar ido.

Ni aka ba shi tafinta. Na yi shekara uku a makarantar boko a Kano, na dawo da Turanci mai sitaci da sunayen tekuna bakwai a kaina. Abin da ban dawo da shi ba shi ne aiki. Mahaifina, wanda tun farko bai so bokon ba, ya riga ya yanke hukunci: in kaka ta wuce takarda ba ta haifar mini da komai ba, zan bi jakunan yayana fatauci. To ga shi Kwamanda ya ce in jirgi ya zo za a buƙaci malamin jirgi, mai riƙe littafi, mai farar riga da maɓallan tagulla. Tun daga ranar na daina ganin komai sai maɓallan.

A hanyar Doma ya ba ni labarin dokarsu. Ya ce in jirgi zai nutse, kowa sai ya fita kafin kwamanda, shi ne na ƙarshe, in ma har ya samu fita. Daga nan ya tambaye ni ko na saba da ruwa.

Ya kamata in ce a'a. Sai na ji bakina yana cewa, "Ranka ya daɗe, mu asalinmu Barebari ne. Kakanninmu daga bakin Tafkin Chadi suka taso. Ruwa a jininmu yake." (Gaskiya ne daga Barno suka taso. Abin da ban faɗa ba shi ne a kan dawaki suka zo, kuma ni ruwa mafi zurfi da na taɓa shiga shi ne na ƙwarya a bayan ɗaki.)

Ya ce madalla, ashe ya samu mutuminsa.

Muka iske kogin a ƙarshen damina, ja wur, ba a ganin ƙasansa. Kwalekwale biyu aka tanada. Kwamanda ya shiga ƙaramin da gorarsa, yana gaba yana aunawa yana kira mini lamba ina rubutawa. Babban kuwa, mai kaya da matuƙa huɗu da sarkin jirgin wurin, wani tsoho Alago mai suna Baba Agbo, sai ya nuna mini shi, ya miƙo littafin awo, ya ce, "Yau kai ne kwamandan wannan."

Baba Agbo ya dube ni daga rawani zuwa takalmi, ya ce, "Malam, cire takalmi. Ruwa ba ya san boko."

Ban cire ba. Na zauna can gaba, tulin kaya a bayana, matuƙa a bayan kayan. Muka yi tafiya mai daɗi har na fara tunanin yadda zan riƙa ɗaga wa mutane hannu. A wata kwana Kwamanda ya kira, ƙafa goma sha biyu. Na rubuta, na kuma lissafa cewa ni biyu ke nan da ɗoriya, ɗaya a kan ɗaya. Ya sha kwana ya ɓace. A taswirar makaranta kogi shuɗin layi ne guda, kaurinsa ɗaya daga sama har ƙasa, saboda haka ban ga dalilin da zai sa zurfinsa ya sauya ra'ayi ba.

Sai na ji sanyi a ƙafa. Ruwa ne ke tsattsafowa ta ɗinkin katako (daga baya na ji kowane kwalekwale haka yake, kwarfewa ake yi). Ban gama duba wannan ba, sai jirgi ya yi wani gurnani daga ƙasa, ya girgiza, ya karkata, ya tsaya cak. Baba Agbo ya yi wa matuƙa magana da harshen Alago. Na ji tsundum. Na sake jin tsundum. Sau biyar na ƙirga. Na leƙa ta saman kaya, babu kowa a jirgin.

Ina so mai karatu ya yi mini adalci a nan. Ban gudu ba. Na tuna dokar Kwamanda, na tuna jakunan yayana, na miƙe tsaye, na ɗora littafin gwamnati a kan rawanina, na runtse ido. Na yi kalmar shahada. Da na ga har yanzu ina nan, sai na fara wasiyya da ƙarfi: a gaya wa mahaifiyata ta yafe mini, a ba ƙanena allona, a gaya wa mahaifina boko bai kunyata shi ba. Daga nan na juya harshe zuwa Turanci, don amfanin Kwamanda ko yana ji, na sanar da shi cewa mutanena sun tsira, ni kuwa zan tafi tare da jirgina.

Sai wata murya kusa da gwiwata ta ce, "Sannu da aiki, Malam."

Na buɗe ido ɗaya. Wata mata ce da tulin doya a ka, tana ratsa kogin a ƙafa, ta ɗan tattare zane. Bayanta wasu uku. Sun tsaya suna saurare, kamar an zo wa'azi kasuwa. Matuƙana kuma suna bayan jirgi a sunkuye, kafaɗa a jikin katako, suna turawa, wanda shi ne abin da suke yi kullum in jirgi ya hau yashi.

Baba Agbo ya zagayo, ya ce, "Malam, ka gama mutuwa? In ka gama, sauka. Kai ne nauyi. Jirgi yana so ya tafi."

Ɗaya daga cikin matan ta ce, "Baba, bar shi ya ƙarasa, bai faɗi wanda zai gaji takalmin ba."

Na sauka. Kwamanda ya dawo a ƙafa, wando a naɗe. Na jira dariyarsa, ba ta zo ba. Ya kafa gora a gefen ƙafata, ya ce, "Ƙafa ɗaya. Rubuta." Na rubuta. Ya duba littafin ya ga ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba. Sannan ya rage murya yadda su Baba ba za su ji ba, ya ce, "Ranar da nawa ya nutse, ni ma ban san abin da nake faɗi ba. An ce uwata na yi ta kira. Ka ji tsoro, ka tsaya. Sauran koyo ne."

Muka wuni muna auna wannan tudun yashi daga gaɓa zuwa gaɓa, ni ba takalmi. Abin da na koya a ranar shi ne, kafin mutum ya yi bankwana da duniya, yana da kyau ya ɗan zura ƙafa ya ji inda ƙasa take.

Kwamanda ya cika alkawari. Kafin ya tafi ya rubuta takarda cewa ni za a ɗauka malamin jirgi, na kai wa mahaifina, ya sa aka karanta masa sau biyu. Bayan wata biyu amsar gwamnati ta iso: bisa ga awon da ke cikin littafin, kogin ba zai ɗauki jirgi ba.