Ni da Dolfin a Jikin Mafici

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da Goggo Hajara, ƙanwar mahaifina, ta yi mini walimar kammala digiri na biyu a flat ɗinta da ke unguwar Abbey Wood a London ba. Na yi ƙoƙarin mantawar, Allah ya sani. Amma abin ya riga ya shiga gidajen mutane.

Bari in fara da karatun. A wata kwaleji da ke Bloomsbury na yi shi, kuma bincikena a kan tambaya ɗaya ce: ya halatta a kama dolfin da manyan dabbobin teku irinsa, a tsare su a tafkin siminti don su riƙa tsalle mutane suna tafi? A danginmu ba wanda ya gane wannan. Duk wanda ya tambayi Goggo sai ta ce, "Karatun kifi take yi." Na gaji da bayanin cewa dolfin ba kifi ba ne, da huhu yake numfashi, nono yake shayar da 'ya'yansa. Sai ta ce, "To a ina yake kwana? Ba a ruwa ba?"

Ya kamata kuma ku san halina. Ni ce mutumin da in na buge da ƙofa nake ba ta haƙuri. Kafin in tura saƙo sai na karanta shi sau bakwai. Malamar da ta duba bincikena, Dakta Fiona, wata doguwar Baturiya da ta ƙarar da ƙuruciyarta wajen yaƙi da irin waɗannan wuraren wasa, ta taɓa zagaye duk wata "wataƙila" da "ana iya cewa" a babina na farko da jan biro. Takardar ta dawo kamar mai fama da ƙyanda.

Ga sirrin. Shekara biyu kafin in zo London, mun je hutu Dubai ni da Goggo, muka shiga wani wurin shaƙatawa, na sa rigar ruwa a kan hijabina, na shiga tafki, na sumbaci dolfin a baki. An ɗauki hoto. A hoton ina dariya har ana ganin dasashina.

A makon farko na karatu Dakta Fiona ta tambayi aji, waye ya taɓa zuwa irin wannan wuri? Mutum uku suka ɗaga hannu. Ni ma na fara ɗagawa, da ya kai daidai kunnena sai na ga fuskarta, na gyara mayafina na sauke. (Har yau ina ganin wannan ba ƙarya ba ce kai tsaye. Mayafin yana buƙatar gyara. Wataƙila.) Daga nan shekara guda ban sami ranar da ta dace in faɗa ba.

To, a lokacin walimar, Dakta Fiona tana neman mataimakiya guda ɗaya a wani sabon bincike, mu huɗu muka nema, ta ce ranar Litinin za ta yanke hukunci. In na samu, na ci gaba da aikin da nake so. In ban samu ba, sai in haɗa akwati in koma gida. A haka Goggo ta dage sai an gayyace ta.

"Malamarki ce, ai dole ta ci masarmu."

"Goggo, ina jin tana da aiki da yawa."

"Na riga na yi mata text. Ta ce tana zuwa."

Ban yi zaman banza ba. Ranar Juma'a da la'asar na je na yi sintiri. Hoton nan yana rataye a falo cikin firam mai ruwan zinare; na sauke shi na tura bayan firiza. Na san al'adarmu ta miƙa wa baƙo albam kafin abinci ya iso, don haka na zare shafi uku. Har maganaɗisun tsarabar Dubai da ke jikin firij na cire. A korido na ga kwalaye huɗu an naɗe da selotef, na tambaya.

"Kar ki taɓa, surprise ne," in ji Goggo.

Na ɗauka lemo ne.

Ranar walima aka wayi gari da zafin nan na watan Yuli da gidajen London ba su san yadda za su yi da shi ba. Hawa na tara, tagogin da council, hukumar da ke da gidajen, ta sa ba sa buɗewa fiye da faɗin tafin hannu, ga mutum kusan arba'in a falo cikin leshi da shadda. An zaunar da Dakta Fiona a kujerar maigida, an ɗaura mata ɗankwali, an cika mata faranti. Tana cin masa da yaji tana hawaye tana cewa ai daɗi ne.

Bayan addu'a aka ce in tashi in faɗa wa jama'a abin da na karanta. Na tashi ba don na so ba. Amma da na ga malamata tana kallona, na tuna Litinin, sai na ce yau ba "wataƙila" ko ɗaya. Na yi bayanin yadda dolfin a teku yake yini yana tafiya da danginsa, yadda suke kiran juna, yadda tafki komai girmansa yake zame masa kamar bahon wanka. Na faɗi ra'ayin masu cewa wuraren suna koyar da yara son dabbobi, na rusa shi. Wani dattijo, Alhaji Sabo, ya ɗaga hannu.

"'Yata, shi wannan dolfin ɗin, ana cin sa?"

"Alhaji, ba wannan ɓangaren na karanta ba."

"To a bincika mana."

Aka yi dariya, na ƙara samun ƙarfi. Na juya harshe zuwa Turanci don Dakta Fiona ta ji da kyau, na ɗaga yatsa (ni, da yatsa a sama) na ce duk wanda ya shiga ruwa ya rungumi dolfin don a ɗauke shi hoto, ya sani da hannunsa aka kulle ƙofar. Na ce irin wannan mutum ba shi da uzuri.

Daidai nan Goggo ta ce zafin ya yi yawa, a buɗe kwalaye a raba wa mutane mafici.

Wanda ya taɓa zuwa taronmu ya san ba a tashi hannu rabbana. Akwai kayan rabo: kofi, ɗan littafin rubutu, jaka, mafici, kowanne da hoton mai taron a jiki. Goggo ta zauna ta yi tunani, cikin ƙauna zalla, ta ce yarinyar nan karatun kifi ta yi, kuma ga hotonta da kifi. Ta tura Kano aka buga guda ɗari biyu.

Ina tsaye da yatsana a sama na ga falon ya cika da ni. Fuskata arba'in, kowace tana sumbatar dolfin, suna kaiwa da komowa a gaban hancin mutane. A ƙasa an rubuta sunana da harufan zinare, don kada wani ya yi shakka.

Dakta Fiona ta daina fifita. Ta sa tabarau. Ta kalli maficin, ta kalle ni, ta sake kallon maficin.

"Wannan ke ce?"

"Ana iya cewa ta yi kama da ni."

"Ita ce mana," in ji Goggo. (Shekara ashirin ta yi tana aikin nas a nan, Turancinta ba ya tuntuɓe. Ranar na so a ce yana yi.)

"Lokacin ina yarinya ne," na ce.

"Wace yarinya? Bayan kin gama bautar ƙasa ne fa. Sau biyu ma ta shiga, Dakta. Na farko ta ce idonta a rufe yake a hoton."

Wata mata a bayana ta ce a hankali, "Ba ta da uzuri," falon ya fashe. Alhaji Sabo har da share hawaye da hularsa.

Goggo ta ga fuskata, ta gane akwai matsala, sai ta shiga kare ni ta hanyar da ta fi muni. "Ni ban ga laifi ba. Ana ba shi abinci, ba mai farautarsa, har likita gare shi. Dubi yadda yake murmushi."

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Ina ganin kunya ce ta kai maƙura har ta ƙone tsoron. Na ce, "Goggo, ba murmushi yake ba, haka bakinsa yake, ko ya mutu haka za ki gan shi. Kin tuna da na koma ɗauko takalmina? Kowa ya watse, an kashe kiɗa. Na same shi shi kaɗai yana zagaye tafkin, hanya ɗaya, yana goga baki a jikin bango wuri ɗaya, har wurin ya yi sulɓi. Na tsaya ina ƙirgawa, da na kai talatin na kasa. Abin da ya kawo ni karatun nan ke nan. Na shiga, na ji daɗi, kuma ban kyauta ba."

 Goggo ta dubi tagarta mai buɗewa faɗin tafin hannu.

"Wato bai taɓa fita ba?"

"Bai taɓa ba."

"Mu da aka kulle lokacin lockdown na korona, har magana na fara yi da tukunya." Ta kife maficinta a cinya. Bayan ɗan jim ta sake ɗauka, don zafin bai san da wannan ba.

Da zan raka Dakta Fiona tashar jirgi, tana riƙe da jakar kayan rabonta, na fara haɗa jimlar ban haƙuri mai rassa uku. Ta tare ni.

"Shekara guda ina karanta ki, yau ne na fara jin kin faɗi abu ba ki nemi hanyar gudu ba. Me ya sa wannan labarin ba ya cikin bincikenki?"

"Na ji tsoron abin da za ki ce."

"Da kin ɗaga hannun nan har sama ranar a aji, da na ce ki ba mu labari. Na ga lokacin da ya tsaya a kunne."

Ashe ta gani. Shekara guda tana sane.

Ranar Litinin ta ba ni aikin, da sharaɗi ɗaya: duk inda za mu yi jawabi, ni zan fara, kuma da hoton zan buɗe. Kofin rabon walimar yana kan teburinta, a ciki take shan shayi, fuskar tana kallon kujerata. Kwanaki a cikin bas a Edmonton na ga wata mata da ban taɓa gani ba tana fifita da ni. Ta dube ni, ta dubi maficin. Na gaishe ta.

Abin da na koya, in ban yi kuskure ba, shi ne in kana da abin kunya ka faɗe shi da bakinka tun yana guda ɗaya. In ka tsaya jiran ranar da ta dace, goggonka za ta buga ɗari biyu.